Turaku Masu Jan Kai a Bayan Coci

Shekarar da na gama bautar ƙasa ban sami aiki ba. Ina zaune a gidan yayana a Kafanchan, ina ta aika takardun neman aiki, ranar Lahadi kuma in hau mashin zuwa cocinmu na ƙauye da ke kan hanyar Fadan Kagoma, inda aka yi mini baftisma. A shekarar ce dattawan coci suka yarda matasa su sake yin kwanan coci a hutun Ista. An daɗe da dakatar da shi, tun lokacin da iyaye suka daina barin 'ya'yansu kwana a waje saboda halin tsaro. Akwai yaran da suka girma har suka shiga sakandare ba su taɓa ganinsa ba, sai labari a bakin yayyensu. Shugaban zumuntar matasa ya sha zarya kafin dattawan su amince, kuma da sharaɗi suka amince. In wani babba ya kawo ƙara kafin ranar, ko a kan mene ne, an fasa, kuma kada a sake tayar musu da maganar.

Ni aka ba shirya wasanni. Ban nema ba. Ina jin dai an ga ina da lokaci ne, an kuma ɗauka wanda ya je jami'a zai zo da sabon abu. Tsara birane na karanta, amma a coci Injiniya suke ce mini, na gyara musu har na gaji. Kafin a dakatar da kwanan, wata malamar firamare ce take shirya wasannin. Ta girme ni sosai, kowa Anti yake ce mata, kuma har lokacin ita ce sakatariyar zumunta. Da shugaba ya ambace ni a taro, na saci kallonta. Ba ta ɗaga kai daga rubutunta ba.

"Allah ya ba da sa'a, Injiniya," ta ce bayan an tashi. "Mu tsofaffin yayi za mu zo kallo."

Na yi dariya, na ce ai zan riƙa neman shawararta. A kan mashin ina komawa gari na yi ta juya maganar a raina, ban gane ko addu'a ce ko gatse ba.

Jigon da kwamiti ya zaɓa shi ne tafiya cikin jeji, wato rayuwar mai bi tafiya ce mai zango-zango. Na yi iya ƙoƙarina kowane wasa ya taɓo jigon. Tseren buhu ya zama tafiya da nauyi a ƙafa, jan igiya ya zama kokawa da jaraba. Ƙwai a cokali kuwa riƙe bangaskiya ne, amma na yanke cewa dafaffe za a kawo, a cinye bayan wasa, don kada zumuntar mata su ce muna wasa da abinci. Gasar neman aya a Littafi Mai Tsarki da waƙoƙi da wasan kwaikwayo na bar su sai an rufe ƙofa. 'Yan mata za su kwana cikin coci tare da wasu iyaye mata, maza a ajin makarantar Lahadi, 'yan banga kuma sun yi alkawarin zama a bakin hanya. Amma wasan da na fi sa rai a kansa shi ne tafiyar zango. Da la'asar, tun da sauran haske, kowace ƙungiya za ta bi alamomi daga zango zuwa zango, a kowanne ta tarar da tambaya ko wani ɗan aiki.

Filin gaban coci ƙarami ne, kuma nan ake ajiye mashina. A baya kuwa akwai fili mai faɗi da ya miƙe har gindin wata tsohuwar ɗorawa, daga nan gonar cittar wani dattijon coci ta fara. Baba muke ce masa. Gidansa babban gida ne, jikokinsa sun cika ƙungiyar mawaƙa, mai kaɗa mana ganga ma jikansa ne. Na sani, kamar yadda kowa ya sani, cewa mahaifinsa ne ya ba da filin da aka gina cocin. Ban dai taɓa tambayar inda kyautar ta tsaya ba. Ina yaro akwai shingen ƙerana a wajen, amma ya mutu tuntuni, ba a sake dasawa ba.

Babban tsorona shi ne wata ƙungiya ta ce an cuce ta, an ba ta hanya mafi tsawo. Na san matasanmu, a kan alewa ma suna iya yin gardama har gida. Don haka na ɗauko tef ɗin awo da na ajiye tun makaranta, na roƙi guntayen katako wajen wani kafinta kusa da kasuwa, na fiƙe su suka zama turaku. Na shafa musu jan fenti a ka, ragowar wanda aka yi wa ƙofar coci, don a hango su cikin ciyawa. Na zaɓi ranar aiki da rana, lokacin da babu kowa, saboda ba na son matasa su ga hanyar kafin ranar wasa. Na sa takalmin bautar ƙasa da hularsa don tsoron maciji da zafin rana. Na auna, na kafa, na ɗauki hoton kowanne a waya don kada in manta. Wata mata ɗauke da itace ta tsaya daga nesa tana kallona. Na gaishe ta, ta amsa a taƙaice ta wuce.

Da na dawo duba su, babu ko ɗaya.

Na fara ɗora wa awaki laifi, sai na tuna akuya ba ta cire turke. Na ce to yara ne, ko masu neman itacen girki. Amma da na sunkuya sai na ga an cike kowane rami da ƙasa, an taka shi da ƙafa har ya daidaita. Yaro ba ya wannan ɗawainiyar. Wanda ya yi aikin babba ne, kuma yana so a ga kamar ba a taɓa kafa komai ba. Na tsaya a filin ina tambayar kaina wa zai ji daɗi in wasan nan ya lalace. Ba na son zargi, amma fuska ɗaya ce take ta dawo mini.

Ban faɗa wa shugaba ba. Na ji tsoron maganar ta zaga ta kai kunnen dattawa, a ce ga rikici ya fara. Na koma wajen kafinta, na sake fiƙewa, na sake fenti, na sake kafawa, wannan karon na buga su da dutse har sai da kan kawai ya rage a waje. Ina fitowa daga bayan coci sai ga Anti, ta taso daga makaranta za ta koya wa ƙananan yara waƙar Ista. Ta dubi hannuna da ya yi ja, ta dubi tef ɗin da ke rataye a ƙuguna.

"Injiniya, an fara gini ne?"

"A'a, Anti, ɗan shiri ne kawai."

"To, sannu da shiri."

Ta shige ciki. Sababbin turakun ma ba su kwana biyu ba suka ɓace, an cike ramukan kamar na farko.

Daga nan na fara lura da wasu abubuwa, ko kuma dai na fara ba su ma'ana. Matar Baba, wadda kullum in na wuce ƙofarsu sai ta kira ni shan kunu, ta amsa gaisuwata tana kallon turminta. 'Ya'yan Baba maza biyu suka zo gida a tsakiyar mako, ɗaya daga Kagarko, ɗaya daga Mararaban Rido, alhali babu biki babu rasuwa. Sai jikokin gidan suka fara janyewa daga kwanan. Wannan ta ce jarrabawa, wancan ya ce ciwon kai. Na tare mai gangarmu a bakin coci.

"Kai ma ba za ka zo ba?"

"An ce kada mu zo."

"Wa ya ce?"

"A gida," ya ce, yana kallon ƙasa.

Ƙanwar Anti tana aure a gidan Baba. Da na tuna haka sai na ji kamar komai ya haɗu. Na ƙudurta cewa ita take cire turakun, ita kuma ta shiga gidan ta ɓata shirin, don in ya rushe a ce da ita aka ba wa da ba haka ba. Ba ni da shaida ko ɗaya, na sani, kuma na yi ta faɗa wa kaina haka. Duk da haka, a wajen gwajin waƙa na matsa kusa da ita.

"Anti, ko kin ga wasu suna yawo a bayan coci kwanan nan?"

"Kullum ana yawo a bayan coci. Me ya ɓace?"

"Ban ce wani abu ya ɓace ba."

"To me ya sa kake leƙen jakata?"

Gaskiya ne, ina leƙe. Babbar jaka ce, irin ta malamai, kuma na riga na auna a raina cewa turaku za su shiga. Na ce jakar ce ta burge ni. Ta ce in ta tsufa za ta ba ni.

Ana jibi kwanan, shugaba ya kira ni a waya ya ce dattawa suna nemanmu a ofishin Fasto, an kawo ƙara. Muryarsa ba ta fita sosai. A hanya na shirya yadda zan faɗi zargina ba tare da na kama suna ba.

Na tarar dattawa a jere a kan benci, Fasto a bayan teburinsa, shugaba a tsaye jikin bango, Anti a gefe da biro za ta rubuta abin da aka tattauna. Baba yana zaune tsakanin 'ya'yansa biyu, da buhun taki a gaban ƙafarsa. Bayan an yi addu'a, ya kama gindin buhun ya zazzage. Turakuna suka watse a kan siminti, na farko da na biyu duka, da ƙasa a jikinsu.

"Fasto," Baba ya ce, "ni ba na son magana ta yi tsawo. Babana ya ba da ƙasa don Allah, ko kaza bai karɓa ba. Babu takarda, don a lokacin baki ya isa. In coci yana son ƙari, a zo gidana a gaishe ni, a tambaya. Ba a aiko yaro da tef a ɓoye ba. Na cire na yi shiru, na ce ko za a ji kunya. Aka dawo aka buga da dutse."

"Baba Dattijo," Fasto ya ce, "Allah ne shaidata, yau na fara ganin waɗannan abubuwa."

"Ba kai ka ce a wa'azi coci na bukatar katanga ba?" in ji ɗan da ya zo daga Kagarko. "Har da makarantar ƙananan yara. Muna da kunne ko muna nesa."

Fasto ya faɗi haka kuwa, ina wurin, watanni kafin nan. Na miƙe.

"Baba, ni na kafa su. Babu wanda ya aike ni. Na wasan matasa ne."

Baba ya dube ni tun daga takalmi har ka.

"Wasa?"

"E, Baba. Alamar zango ce, yara za su bi."

"Da tef?"

"Don kada wata ƙungiya ta ce hanyarta ta fi tsawo."

"Da hoto? An gan ka kana ɗauka."

"Don kada in manta inda na sa."

Ina faɗa ina jin yadda amsoshin suke sauka a kunne, kuma da ni ne a kan bencin ban tabbatar zan yarda ba. Ɗan da ya zo daga Mararaban Rido ya miƙo hannu ya ce in ba shi wayar. Na ba shi. Ya yi ta goga yatsa yana nuna wa mahaifinsa.

"Ka gani, Baba? Layi ya miƙe sak har ɗorawa. A wajenmu haka ake farawa. Yau jan turke, gobe ka tashi ka ga an sauke bulo." Ya juyo gare ni. "Ƙanena, me ka ce ka karanta?"

"Tsara birane, Yaya."

Wani daga cikin dattawan ya yi ajiyar zuciya mai ƙarfi.

Na lura a lokacin cewa babu wanda ya yarda da wani a ɗakin. Baba yana kallon Fasto, ya ɗauka shi ya turo ni kuma na rufa masa asiri. Fasto yana kallon shugaba, don matasa sun taɓa roƙon a ba su bayan coci su yi filin ƙwallo aka hana. Shugaba yana kallona kamar bai taɓa sanina ba. Ni kuwa, wadda na zo da zarginta tana gefe tana rubutu, kuma ga turakun a ƙasa, ba daga jakarta suka fito ba.

Dattijon da ya fi kowa shekaru ya gyara murya ya ce sharaɗi dai sharaɗi ne, an ce in an kawo ƙara an fasa, ga ƙara kuma an kawo. Shugaba ya runtse ido. Na tuna yaran da suka riga suka wanke barguna suka shanya, da ƙwan da na sa a saya.

"Tsaya," Baba ya ce. "In wasa ne, abu mai sauƙi ne. A ɗauke su a kafa a gaban gidan Fasto, cikin lambun matarsa. In turke ba ya nufin komai, ai can ma ba zai nufi komai ba."

Fasto bai amsa nan take ba. Wataƙila yana tunanin alayyafon matarsa ne, wataƙila kuma ya tuna cewa filin gidan Fasto ma wani gida ne ya bayar da baki, kuma su ma suna da idanu. Ban sani ba. Amma shirun ya yi tsawo, har ɗan Kagarko ya fara gyaɗa kai yana murmushi.

Anti ta ajiye biro.

"Iyayena, ku yi haƙuri in sa baki. Me ya sa sai an huda ƙasa? Muna da kujerun roba cike da sito. A ajiye kujera a kowane zango, a ɗora tambayar a kai. Babu wanda ya taɓa cin filin wani da kujera. Kafin rana ta faɗi a kwashe."

"Wa zai kwashe?" in ji Baba.

"Jikokinka, Baba. Su za su ajiye, su za su kwashe. Injiniya ya bar tef ɗinsa a gari."

"In rana ta faɗi na ga kujera ɗaya a bayan coci, ta zama tawa."

Wani ya yi dariya, wasu suka bi shi a hankali. Babban dattijon ya tambayi Baba ko yana nan a kan ƙararsa.

"Ƙarata a kan turke take, ba a kan yara ba," Baba ya ce. "Su kwana. Amma ni ma zan zo in ga wannan wasa da idona."

Ya sa 'ya'yansa suka tattara turakun cikin buhu. Na ɗan miƙa hannu, ya ce a'a, waɗannan suna wurinsa.

Ranar kwanan, tun kafin a fara, Baba ya sa aka kai masa kujera gindin ɗorawa. Ya zauna da rediyonsa a cinya, 'ya'yansa biyu a tsaye a bayansa. Jikokinsa suka jera kujerun yadda suka ga dama, babu awo, kuma hanyar wata ƙungiya ta fi ta sauran tsawo ƙwarai. Sun yi ƙorafi kamar yadda na yi tsoro, Anti ta daka musu tsawa, suka ci gaba da gudu. Zangon ƙarshe ya faɗo kusa da Baba, don haka duk ƙungiyar da ta iso sai ta durƙusa ta gaishe shi tana haki, shi kuma ya tambayi kowane yaro ɗan gidan wa ne kafin ya bar shi ya ɗauki tambaya. Ban ga ya yi dariya ba, amma ya kashe rediyon. Kafin rana ta faɗi babu kujera ko ɗaya a filin, tasa ce ta ƙarshe, jikansa mai ganga ya ɗauko ta a ka. Sauran shirin ya tafi lafiya. Da safe aka sha kunu da ƙosai, iyaye suka zo suka tafi da 'ya'yansu, babu wanda ya kawo ƙara.

Na je yi wa Anti godiya tana naɗe tabarmi.

"Ka gama binciken jakata?" ta ce.

Na ce ta yi haƙuri. Sai na tambaye ta abin da ya tsaya mini a rai. Ranar da ta ga hannuna da fenti ta ce ko an fara gini, ta riga ta san abin da gidan Baba suke zato? Ƙanwarta tana gidan, da wuya a ce ba ta ji komai ba.

"Wasa nake yi maka, Injiniya," ta ce. "Ba kai kaɗai ka iya shirya wasa ba. Kama mini bakin tabarmar nan."

Na kama. Har yau ban san ko ta sani ta bar ni in ƙara kafawa ba, ko kuwa da gaske a ofishin Fasto ta fara ji. Wani lokaci in ga kamar ta sani, wani lokaci in ce ina maimaita kuskuren jakar ne.

Da ruwa ya sauka sosai, Baba da 'ya'yansa suka dasa sabon shingen ƙerana. A ganina ya bi ta gaban ɗorawar, ta ɓangaren coci, alhali ina yaro kamar ta bayanta ya bi. Ina iya yin kuskure, yaro nake a lokacin. Fasto ya tsaya ya kalli shingen ranar Lahadi, sannan ya shige coci, ni ma na bi bayansa. Ana ci gaba da kwanan coci duk hutun Ista, da kujeru ake tafiyar zango. Turakuna kuma na gan su daga baya a lambun matar Baba, ta ɗaure tumatir a jikinsu, jan fentin bai gama goguwa ba.